A Gwada Hannun Inna Kafin A Kira Mu Ƙazamai

Zuwa ga Babban Jami'in Lafiya mai kula da ƙauyukan yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga ubanta, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ya damina, ya haƙuri da jama'a? Allah ya kai mu kaka lafiya.

Sunana Rukayya. Ni ce yarinyar da ta zo ofishinka da ambulan a hannu, ta zauna a bencin baranda tun hantsi har aka kira azahar, aka ce mata kana taro. Na sake dawowa, aka ce ka yi tafiya. Ban ga laifinka a kan taro ko tafiya ba, aiki ne. Amma maganar da ta kawo ni ba ta jira, kuma a bainar jama'a ofishinka ya fara ta, shi ya sa ni ma na kawo tawa bainar jama'a.

Bana na kammala karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin fasaha, ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Ni ba likita ba ce, ba zan kuma yi magana kamar likita ba. A wannan wasiƙa zan raba abin da na gani da idona da abin da na karanta da abin da aka gaya mini. Inda na yi kuskure, a nuna mini a fili, zan karɓa a fili.

Na farko: hannun mahaifiyata.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mai fura ce. Tun rasuwar mahaifinmu da furar nan ta riƙe gida, da ita ta kai ni makaranta. Duk ranar kasuwa tana zama a gindin darbejiya kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa a Kasuwar Daji, da ƙwaryarta da faifanta da ƙananan ludayan sha. Nono kuwa a wurin wata Bafulatana take saye, wadda suka daɗe tare. Duk wanda ya san wurin ya san Inna, ya kuma san halinta. Ƙwaryarta sai ta goge ta da yashi ta kife a rana kafin ta sake zuba komai a ciki. Babban ludayinta na damu kuwa, ko ni da ta haifa ba ta bari in taɓa.

A kakar bara, lokacin da ake yankan gero, kowa a gidanmu ya sha cizo. Ba sauro ba ne, domin sauro yana kuka a kunne, wannan kuwa shiru yake zuwa. Ƙyashi ne, ɗan mitsitsin ƙwaron nan mai launin ƙasa, wanda ba ka ganinsa sai ka kai fitila kusa. Da magariba yake fitowa. Ba ya tashi sama sosai, tsalle-tsalle yake yi a jikin bango har ya sami hannu ko ƙafa ko fuskar da ba a rufe ba, ya sha jini. Mun san shi tun muna yara, amma ban taɓa ganin yawansa a cikin ɗaki kamar na bara ba. Muna da gidan sauro, muna kuma kwana a ciki. Sai dai idanun ragar sun fi ƙyashi girma, maganin da ke jikinta kuma wanki ya daɗe da cinye shi.

Da sanyi ya shigo, wani ɗan ƙurji ya fito wa Inna a wuyan hannun dama, daidai inda warwaro ke zama. Ba ya zafi, ba ya wani ƙaiƙayi. Ta ce zai wuce. Bai wuce ba. Ya girma, ya fashe, ya zama rami mai tudun baki kamar bakin tukunya, tsakiyarsa ja, ya yi ɓawo ya zubar ya sake yi. Sanyi ya fita, bazara ta zo ta wuce, damina ta sauka, ga shi yau gero ya fid da kai, gyambon yana nan. Da farko faɗinsa bai kai ƙwayar wake ba. Yanzu murfin kwalbar lemo ba ya rufe shi.

Ba ita kaɗai ba ce. Na ga irinsa da idona a gidajen maƙwabta, a ƙwauri, a goshi, a kumatun yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Ba zan faɗi adadi ba, domin ban zagaye gari duka ba, kuma ba na son in rubuta lambar da ban tabbatar ba. 'Yan kabu-kabu sun gaya wa Inna akwai irinsa wajen Dauran da wasu ƙauyukan Shinkafi. Wannan ji ne, ban gani ba.

Abin da na karanta shi ne, akwai cuta da ake kira lishmaniya. Wata ƙwayar cuta ce da ƙyashi ke ɗaukowa, sau da yawa daga jikin ɓeraye masu zama a rami, ya sa wa mutum a wurin cizo. Sai an yi makonni ko watanni kafin gyambon ya bayyana, kuma maganin ƙurji na yau da kullum ba ya taɓa ta. Ban ce ita ce a hannun Inna ba. Cewa na yi ta yi kama da ita har ya wajaba a gwada. Gwajin kuma ba wani abin al'ajabi ba ne: a ɗan kankari gefen gyambon, a shafa a gilashi, a rina, a duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta. An koya mana rini irin wannan a makaranta. Ba ni da kayan aikin, ba ni kuma da izinin yi, shi ya sa na nufo ka.

Na biyu: shelar da aka yi da sunan ofishinka.

Mun kai Inna ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, ba sau ɗaya ba. Malamin asibitin ya wanke gyambon, ya ba ta kafso da man shafawa. Da suka ƙare ya sake ba ta wasu. Mutumin kirki ne, ba shi da madubin gwaji, abin da ke kan kantarsa ya bayar. Na roƙe shi ya sanar da na sama da shi, ya kuma sanar.

Bayan haka ma'aikata biyu suka zo daga ofishinka a kan babur. A zauren mai unguwa suka zauna, aka tara musu masu gyambon da suka iya fitowa, yawanci maza da yara. Ina tsaye a wurin da hijabina, na riƙo Inna. Sun duba daga nesa, sun yi tambayoyi, sun yi rubutu. Ba su taɓa kowa ba, ba su ɗauki komai daga jikin kowa ba. Kafin la'asar sun tafi.

Ranar kasuwa ta gaba, mai shela ya zagaya da lasifika yana cewa sanarwa ce daga ofishin lafiya: an bincika, babu wata cuta, ƙuraje ne da rashin tsafta ke kawowa, jama'a su riƙa wanka, su kuma guji abinci daga hannun masu gyambo.

Ranka ya daɗe, Inna tana zaune a gindin darbejiya sa'ad da lasifikar ta wuce ta gabanta, hannunta ɗaure da farin ƙyalle. Akwai wani ɗan kabu-kabu a tsugune gabanta, wanda yake shan furarta tun yana tura keke. Ya kai rabin ƙoƙo. Sai ya dubi ƙyallen, ya ajiye ludayi a hankali, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, na manta yau azumi nika yi."

Inna ta ce masa, "To Allah shi karɓa, ɗana. Rabin da kas sha hwa, sahur ke nan?"

Mutane suka yi dariya, ita ma ta yi. Amma ranar da ƙwarya cike ta dawo gida. Furar ta kwana ta yi tsami, muka zuba wa awaki. Sati na gaba na ce ni zan yi. Ni na surfa geron, ni na daka, ni na dafa, ni na cura, babu ko ƙurji ɗaya a jikina. Na zauna a wurinta tun safe. Na ji da kunnena wata mata tana janye ɗiyarta tana cewa furar gidan masu gyambo ce. Yanzu Inna ba ta fita kasuwa. Bafulatanar da ke kawo mata nono ta zo gaishe ta, suka zauna a tabarma ɗaya suna kallon ƙwaryar a kife.

Tambayata ita ce: wane bincike aka yi? In an gwada, wa aka gwada, a wane ɗakin gwaji, me aka gani? In ba a gwada ba, a kan me aka dogara aka kira mutane ƙazamai da lasifika? Kalmar nan ba ta kashe ƙyashi ko ɗaya ba. Sana'ar Inna ta kashe.

Na uku: abin da ya shigo da ƙyashi ɗakunanmu.

Da ma'aikatanka sun wuce zaure sun shiga cikin gida, da sun ga abin da zan gaya maka.

Da can, duk shekara in an gama girbi, a garinmu ana gayyar yaɓe. Maza su kora jakuna zuwa ramin ƙasa da ke can bayan gonaki, su ɗebo jar ƙasa, a jiƙa, a cuɗa da ciyawa, a bi gida-gida ana toshe duk tsagar da damina ta bari a bango. Mata su yi daɓen ɗaki, su lailaye shi har ya yi santsi. Yau gidan wane, gobe gidan wane. Inna ce ke dama furar masu aiki. Babu wanda ya kira wannan kiwon lafiya, gyaran gida ne kawai, amma kowace tsaga da aka toshe maɓoyar ƙwaro ce aka rufe.

An daina. Ba lalaci ya hana ba. Ramin ƙasar yana bakin daji, kuma ka san halin da dajinmu ke ciki fiye da yadda na sani. Babu magidancin da zai kai wuyansa can saboda ƙasar yaɓe. Jakunan ma yawanci an sayar ko an kore. Ƙasar cikin gari yashi ce, ba ta kama bango. Ga shi shekaru sun bi juna ba a yi yaɓe ba, bangon ɗakin Inna ya tsage har ina sa yatsuna a ciki.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da, dammunan gero a rumbu suke, rumbunan kuma a gefen gari. Tun da aka fara fasa su ana ƙonawa, kowa ya kwaso hatsinsa ya jibge a ɗakin kwana. Da, dabbobi a garke suke a waje. Yanzu turken awakinmu yana jikin tagar Inna, na maƙwabta har da saniya a tsakar gida. Hatsi ya shigo, ɓera da gafiya suka biyo shi, suka haƙa ramuka a gindin bango. Dabbobi sun shigo da takinsu da laimarsa. Abin da na karanta shi ne ƙyashi a irin waɗannan wurare yake hayayyafa, yake kuma fakewa da rana: ramin ɓera, tsagar bango, turken dabbobi, suri. Wato duk abin da yake so a daji mun kwaso mun kawo masa kusa da gadonmu, da hannunmu, don tsoro.

Wannan shi ne abin da aka kira rashin tsafta. Inna tana share tsakar gida safe da yamma. Tsintsiya ba ta toshe tsagar bango.

Na huɗu: feshin da aka yi.

Ba zan ɓoye alheri ba. A farkon damina ofishinka ya turo masu feshi da tankuna a bayansu. Sun fesa kwata, sun fesa bakin kududdufi, sun fesa inda ruwa ke kwanciya kusa da rijiya. Ba ni da ja a kan wannan, sauro ma yana kashe mu. Amma ƙyashi ba a ruwa yake ƙyanƙyasa ba.

Na bi shugabansu na gaishe shi, na roƙe shi su shiga ɗakuna su fesa jikin bango, musamman ƙasa-ƙasa da cikin tsagogi. Ya amsa mini da mutunci. Ya ce, "Malama, mu ruwa anka ce mu bi. Kuma ko an ce mu shiga, ta ina? Dut gidajen matan aure ne, ba a shiga."

Gaskiya ya faɗa. Masu feshin duk maza ne, gidajenmu kuma ba a shiga. Haka suka bi lungu-lungu suna fesa bayan katanga, ƙyashi yana cikin ɗaki yana hutawa. Haka ma'aikatan da suka zo dubiya suka tsaya a zaure, yawancin mata masu gyambo suna ciki ba su gan su ba. Inna ma don tsohuwa ce mara miji ta fito. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, gidanka ma ba a shiga. Yaya aka yi ofishinka ya shirya aikin cikin ɗaki bai sa mace ko ɗaya ba?

Na biyar: ambulan ɗin da na kawo.

Da damina ta yi nisa, cizon ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Sai na yi abin da aka nuna mana a makaranta. Na yanka farar takarda, na shafe ta da man gyaɗa, na soke a tsinke na kafa a bakin tsagar bangon Inna da bakin ramin ɓera da ke bayan dammunan gero. Da gari ya waye na cire. Ƙananan ƙwari sun manne a jiki, masu gashi-gashi, fikafikansu a tsaye. A iya sanina ƙyashi ne. Na sani kama ƙyashi a ɗaki bai tabbatar da cewa yana ɗauke da cuta ba. Abin da ya tabbatar kawai shi ne yana kwana tare da mu. Na ninke takardar na sa a ambulan na kawo, don wanda ya fi ni sani ya duba.

Wani ma'aikaci a barandar ofishinka ya karɓa ya buɗe. Ya ɗaga takardar da yatsu biyu ya nuna wa abokinsa, ya ce, "Zo ka ga, an kawo muna ƙosai babu ƙosai, sai takardar." Suka yi dariya. Ban ji haushin dariyar ba sosai, takardar ta yi kama da hakan. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. Ya sassauta murya ya ce in bi a hankali, ni yarinya ce mai takarda sabuwa, gobe nan zan zo neman aiki, kuma ofis ba ya manta mai tada ƙura.

Ban ce kai ka aiko shi ba. Wataƙila ma shawara ya ba ni tsakani da Allah. Ba zan kuma yi ƙaryar jarumta ba, maganar ta shige ni. Na dawo gida a bayan babur ina ta juya ta a raina. Inna ta daka gero shekara da shekaru don in sami takardar nan, ina tsoron in ɓata ta da bakina. Wannan wasiƙar ma na rubuta na yaga, na sake rubutawa, ina bin kowace jimla ina tambayar kaina ko zan iya rantsuwa a kanta. Wadda ba zan iya ba na cire. Abin da ya rage a gabanka zan iya.

Amma in sharaɗin samun aikin lafiya shi ne in ga gyambo in ce ban gani ba, to a riƙe aikin. Hannun da ya biya kuɗin karatun ya fi karatun daraja a wurina.

Na shida, kuma shi ne ya hana ni barci: wa'adin Kawu.

Kawu Garba yayan Inna ne, shi ne babba a danginmu. Tun bazara yake cewa a kira wanzami a yi wa gyambon lalas, wato a gasa ƙarfe a wuta har ya yi ja a ɗora a kai. Ba mugunta ba ce. Ƙanwarsa ce, yana ganin hannunta yana ci, asibiti ya ba da kafso ya gaza, ofis ya ce babu cuta. Me ya rage masa?

Ni na hana. Na durƙusa gabansa na ce a ba ni lokaci, hukuma za ta gwada. Na hana ne domin na ga abin da ƙarfen ya yi wa maƙwabciyarmu Hassi. Nata a bayan hannu yake. An ɗora mata, ƙunar ta ruɓe, da ta warke fatar ta tattare, yanzu yatsunta biyu ba sa lanƙwasawa. Taɓarya ma da hannu ɗaya take riƙewa. Na Inna kuwa a wuyan hannu yake, inda jijiyoyin yatsu duka suka bi. Na karanta cewa irin wannan gyambon yakan warke da kansa bayan dogon lokaci ya bar tabo, na kuma karanta cewa akwai magani na musamman da ake yi a asibiti in an tabbatar da cutar. Abin da ban karanta a ko'ina ba shi ne jijiyar da wuta ta cinye ta dawo.

Bayan shelar kasuwa Kawu ya kira ni. Ya ce, "Rukayya, mun ji maganar boko, mun jira. Ga mutanen naku sun hwaɗi da lasihika babu cuta. To ni na ga cuta. Ran da anka yanke geron gonata, in ba su zo da abin da ya hi ƙarhe ba, wanzam za shi zo. Ba ni ƙara shawara da ke."

Geron Kawu ya fid da kai, ya fara ido. Kai manomi ne ko ɗan manomi, ka san abin da ya rage. Kuma ranar da za a yanke shi a shigo da dammuna ɗaki, ita ce ranar da ƙyashi zai sake cika gidajenmu kamar bara. Lokaci ɗaya ne ga hannun Inna da hannuwan da ba a ciza ba tukuna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake nema. Ba alfarma ba ce, aikin ofishinka ne.

A turo wanda zai ɗauki samfuri daga gyambon Inna da na sauran, a gwada, kafin a yanke gero. In babu kayan gwajin a nan, a ba mu takardar tura mara lafiya zuwa inda ake yi, a rubuta abin da ake zargi a kai, kada a sake sallamar mu da kafso. In gwaji ya nuna lishmaniya ce, a nemo maganinta. In ya nuna ba ita ba ce, a gaya mana ko mece ce, ni kuma zan rubuta a wannan fili cewa zatona bai yi daidai ba.

A dawo da feshi kafin kaka, na cikin ɗaki, a kuma sa mata a cikin masu yi da masu dubiya. In babu mata a ma'aikatanka, akwai mu. A koya mana, a ba mu kayan kariya. Ni ce ta farko, ba sai an biya ni ba.

A yi magana da masu iko a kawo mana jar ƙasa cikin gari a mota, ko a ba maza rakiya zuwa ramin. Yaɓen mu za mu yi da kanmu, gayyar ba ta mutu ba, hanya ce ta toshe. A kuma sabunta mana gidajen sauro masu magani.

Na ƙarshe, lasifikar da ta zagaya kasuwa ta sake zagayawa. A faɗa wa mutane cewa ba a gwada ba tukuna, cewa gyambon nan ba shaidar ƙazanta ba ne, a kuma roƙe su su dakata da ƙarfe. Kawu ba zai ji daga bakina ba. Daga lasifikar ya ji na farko, daga ita zai ji na biyu.

Da na gama rubutun nan na karanta wa Inna, ina fassara mata inda ya yi nauyi. Ta saurara har ƙarshe tana gyara ɗaurin hannunta. Sai ta ce akwai saura, in ƙara nata. Ga shi yadda ta faɗa:

"Ki hwaɗa mai ni ban iya rubutu ba, hura na iya. In bai zo ba, ni in tahi. In zamna bakin ohis ɗin nai da ƙwaryata, in dama mai da hannun ga, gaban mutane. In shina ganin ni ƙazama ce, shi dube ni shi hwaɗi da bakinai, ba da lasihika ba. In ko ba haka ba ne, shi sha."

Na yi ƙoƙarin in hana ta, ban iya ba, yanzu kuma ba na so in iya. Don haka ina sanar da kai tun da wuri, kada a ce mun yi maka ba-zata. In kasuwa ta sake ci babu wanda ya zo daga wurinka, washegari za ka same mu a bencin barandar nan da na sani. Ba za mu yi ihu ba, ba za mu tare ƙofa ba. In kana taro za mu jira, in ka yi tafiya za mu dawo. A iya abin da na karanta, cutar da nake zargi ba a ɗaukar ta ta abinci, cizon ƙyashi ne hanyarta. Gyambon zai kasance a wanke, a rufe da sabon bandeji, kamar yadda yake kullum. Kana iya sha hankalinka kwance. In kuma kai ka san wani abin da ya sa ba za ka sha ba, to ka san akwai cuta ke nan, sai ka sa a gwada.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya, ya tsare ka da iyalinka daga abin da ke cizo a ɓoye. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya bar mata hannuwanta lafiya. In ta riga mu, Allah ya jiƙanta ya haskaka makwancinta. Allah ya kawo mana zaman lafiya a dajinmu, mu koma ɗebo ƙasar yaɓe babu tsoro.

Inna ta goge ƙwaryar da yashi, tana kife a rana. Ta ce da ludayinta na damu za ta miƙa maka, wanda ni ban taɓa sha da shi ba.

Wassalam.

'Yarka,
Rukayya, ɗiyar mai fura.